Yadda Shari'a Ke Mutuwa Tun Kafin A Shiga Kotu

Duk shekara, da an kammala jarrabawar zango na biyu, sai ka ga ɗalibai sun bazu cikin gari riƙe da takardar neman gurbin SIWES, waɗanda suka gama ND kuma suna cigiyar inda za su yi shekarar IT. Yawancinmu banki muke hari, ko ma'aikatar gwamnati, ko wani kamfani mai suna. Amma akwai waɗanda rabo ke kai su ofishin lauya, musamman 'yan sashen koyon aikin ofis, da 'yan akanta, da masu karatun gudanar da kasuwanci, da 'yan kwamfuta. Ina cikin waɗanda suka yi shekara guda a irin wannan ofishi kafin mu dawo HND, shi ya sa na ga ya dace in rubuta wa 'yan uwa da ƙannenmu abin da za su tarar a can.

A fim mun saba ganin lauya da baƙar riga da hular nan tasu, yana zuba Turanci a gaban alƙali, sai mu ɗauka a nan kaɗai ake cin shari'a ko a faɗi. To shari'a tana iya mutuwa tun a kan teburin sakatare, saboda wata rana da aka manta, ko takardar da aka sa wa hannu ba bisa ƙa'ida ba, ko kuɗin da aka zuba a asusun da ba nasa ba. Teburin nan kuwa mu ake zaunarwa a kai. Wanda zai biya kuɗin kuskuren yana iya zama bazawarar da ke neman gadon marayunta, ko manomin da aka ƙwace wa gona.

Idan lauya ya yi sakaci, me doka ta ce?

Dokar Lauyoyi ta 1975 ita ce uwa a wannan sana'a. Sashe na 9 ya ce lauya ba shi da rigar kariya idan sakacinsa ya jawo wa wanda ya ɗauke shi asara. Ana iya maka shi a kotu ya biya diyya. Ko da ya sa kwastoma ya sa hannu a wata yarjejeniya cewa ba za a tuhume shi ba, wannan sharaɗin aikin banza ne, sai fa in aikin kyauta ya yi. Dokar ta ware abu guda: yadda lauya ya gudanar da shari'a a gaban alƙali, misali tambayar da ya zaɓi ya yi wa shaida ko ya bari. A Ingila, inda muka gaji wannan kariya, kotunsu mafi girma ta soke ta tun shekarar 2000, amma a nan tana nan a rubuce. Ku lura da abin da hakan ke nufi: aikin cikin ofis, wato rubuta yarjejeniya, binciken takardun fili, kiyaye wa'adi, riƙon kuɗi, shi ne ba shi da wata kariya ko kaɗan.

Bayan diyya akwai ladabtarwa. Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, wanda aka fi sani da LPDC, yana iya jan kunnen lauya, ko ya dakatar da shi na wani lokaci, ko ya sa a goge sunansa daga kundin sunayen lauyoyi da ke Kotun Ƙoli. Yana kuma iya umartarsa ya mayar da kuɗi ko takardun mutane. Wanda aka goge sunansa, shekarun jami'a da na makarantar horon lauyoyi duk sun tafi a banza. Ma'aunin da ake duba halayyar lauya da shi kuwa shi ne Ƙa'idojin Aikin Lauya, waɗanda aka yi a 2007 aka kuma sabunta a 2023.

Ranaku: kotu ba ta jiran kowa

Abu na farko da Barista ya damƙa mini shi ne littafin ranaku, kuma har na bar ofishin ban ga abin da ya fi shi muhimmanci ba. Dalili shi ne kusan kowane mataki a shari'a yana da wa'adinsa.

Ga misalai. Wanda zai ɗaukaka ƙara daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara a shari'ar da ba ta laifi ba yana da wata 3 idan hukuncin ƙarshe ne, amma kwana 14 kacal idan wani hukunci ne da aka yanke a tsakiyar shari'a. A shari'ar laifi kwana 90 ne. Wanda zai kai jami'in gwamnati ƙara kan abin da ya yi a bakin aikinsa, Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta ba shi wata 3, duk da akwai wuraren da dokar ba ta aiki. A harkar zaɓe kuwa, sashe na 285 na Kundin Tsarin Mulki ya ce kwana 21 daga bayyana sakamako za a shigar da ƙara, kotun sauraron ƙarar zaɓe kuma dole ta yanke hukunci cikin kwana 180. Rigimar da ta taso kafin zaɓe, irin ta fidda gwani, kwana 14 ne.

Waɗannan wa'adodi ba ƙarfinsu ɗaya ba. Idan lokacin ɗaukaka ƙara na yau da kullum ya wuce, lauya yana iya roƙon kotu ta ƙara masa, in ya kawo gamsasshen dalili, bayan an ɓata kuɗi da watanni. Kotuna kan ce ba a ɗora wa mai neman haƙƙi laifin lauyansa. Amma wannan sassauci yana da iyaka. Wa'adin shigar da ƙara tun farko, in ya wuce ya wuce, ko da gaskiyar mutum ta kai hasken rana. Na zaɓe ya fi kowanne tsauri: a shari'ar zaɓen gwamnan Borno na 2011, tsakanin jam'iyyar ANPP da Alhaji Mohammed Goni, Kotun Ƙoli ta ce a 2012 babu kotun da ke da ikon ƙara ko da kwana ɗaya a kan 180 ɗin nan.

To yaya ofis mai tsari ke kare kansa? Duk takardar da ta shigo, ko masinjan kotu ne ya kawo ko ta imel, a ranar ake buga mata kwanan wata da lokaci, a rubuta sunan wanda ya karɓa, domin sau da yawa daga ranar ake fara ƙirga. Lauya ne ke lissafa wa'adin, sakatare ya shigar da shi wuri biyu: littafi da kalandar kwamfuta ko waya. Wuri biyu, saboda waya tana faɗawa ruwa, littafi kuma yana bin wani gida. Sannan ofis yana sa wa kansa wa'adi na cikin gida, kwanaki kafin na kotu, don kada a tsaya gardamar ko Lahadi tana cikin lissafi, ko a je biyan kuɗin kotu ranar ƙarshe a tarar babu netwok. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu a wajenmu kowace Juma'a da safe ake zama a karanta ranakun mako biyu masu zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace rana a faɗi sunan wanda take wuyansa. Duk wanda ya dawo daga kotu kuma, kafin ya cire riga zai faɗi ranar da aka ɗage zama zuwa gare ta a rubuta.

Sa hannu da hatimi

Nan ne abin ya fi ba ni mamaki. A 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka shigar gabanta don kawai a wurin sa hannu an rubuta sunan kamfanin lauyoyi, ba sunan wani lauya ba. Hujjar kotun ita ce doka ta san lauya a matsayin mutumin da sunansa ke cikin kundin Kotun Ƙoli, kamfani kuwa bai je makaranta ba, ba a kuma rantsar da shi ba. Lauyoyi da yawa sun ga hukuncin ya yi tsauri, har aka sake kai batun gaban cikakken zaman alƙalai bakwai a shari'ar First Bank da Maiwada a 2012. Kotun ta tsaya a kan bakanta. Ma'ana, idan takardar da aka buɗe ƙara da ita tana da wannan aibi, ana iya shekara goma ana shari'a, a yi nasara, sannan kotun gaba ta rushe komai daga tushe.

Wa ke buga wurin sa hannun nan a kwamfuta? Sakatare. Saboda haka a kiyaye: sunan lauya cikakke a ƙarƙashin sa hannu, sannan sunan ofis. Idan an jera sunayen lauyoyi huɗu, a yi alama a gaban wanda ya sa hannun. Kuma ko Oga yana Abuja, ko wa'adi yau zai cika, kada ka taɓa sa hannu a madadinsa, ko da shi ya bugo waya ya ce ka sa.

Sai hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, wato NBA, wanda ake manna wa takardun da lauya ya shirya tun daga 2015. A shari'ar zaɓen gwamnan Kebbi ta wannan shekarar, tsakanin Bello Sarkin Yaƙi da Atiku Bagudu, Kotun Ƙoli ta ce rashin hatimi ba ya kashe takarda gaba ɗaya, ana iya gyarawa a manna daga baya. Duk da haka, gyaran yana cin lokaci, yana kuma ba abokin shari'a abin kamawa. Hatimin yana da lokacin ƙarewa, kuma kuɗin aikin lauya na shekara ana biyansa ne kafin ƙarshen watan Maris. Lauyan da bai biya ba kotu tana iya ƙin sauraronsa. Waɗannan ma ranaku ne da ya kamata su shiga littafi.

Kuɗin mutane amana ne

'Yan akanta, wannan naku ne. Kuɗi iri biyu ke shiga ofishin lauya. Akwai ladan aikinsa, akwai kuma kuɗin da ya riƙe wa wani: hayar gidan da yake karɓa wa mai gida, bashin da ya ƙwato, kuɗin sayen fili kafin a kammala ciniki, dukiyar mamaci kafin a raba. Ƙa'idojin Asusun Lauyoyi na 1964 sun wajabta a buɗe wa wannan kashi na biyu asusu na daban a banki, kuma haɗa shi da kuɗin ofis laifi ne ko da kwabo bai ɓata ba.

Ba kasafai ɓarna ke fara wa da niyyar sata ba. Ƙarshen wata ne ya zo, ba a biya albashi ba, janareto ba mai, ga miliyoyin wani suna kwance, sai a ce a ɗan taɓa, Litinin za a mayar. Litinin ta zo a taɓa na wani a cike gurbin na farko. Ranar da mutum biyu suka zo karɓar kuɗinsu lokaci guda, ranar asiri ke tonuwa. Maganin abin kuwa duk mun karanta shi a aji: kowane kwastoma da shafinsa a littafi, kowane kuɗi da rasit, kowace fitarwa da rubutacciyar amincewa, sannan duk ƙarshen wata a gwada littafi da bayanin banki. Jimillar abin da ke shafukan kwastomomi dole ta yi daidai da abin da ke asusun. In ta saɓa ko da naira ɗari biyar ne, a nemo dalili a ranar.

A kula da tsabar kuɗi ma. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani kuma sama da miliyan 10, sai ta hanyar banki. Idan Alhaji ya turo yaro da jakar Ghana-mos-go ya ce a ajiye wa Barista, kada ka karɓa, ka kira Barista.

Shi ma ladan lauya yana da ƙa'ida. Kafin ya kai kwastoma ƙara kan kuɗin aikinsa, sai ya ba shi takardar lissafi mai ɗauke da bayanin ayyukan da ya yi da sa hannunsa, sannan ya jira wata guda. Ofishin da ba ya rubuta abin da ya yi kullum, da me zai cike wannan takarda?

Kafin a ce an karɓi aiki

Rigakafi ya fi magani, kuma mafi arhar rigakafi shi ne wanda ake yi ranar farko. Lauya ba ya tsaya wa ɓangarori biyu masu jayayya da juna, ba ya kuma amfani da sirrin wanda ya taɓa yi wa aiki don ya yaƙe shi. Don haka kafin sabon mutum ya fara zayyana damuwarsa, ana duba sunan abokin rigimarsa a rajistar ofis. A wajenmu wannan bincike yana da wahalarsa, domin Muhammad Sani nawa ne a unguwa ɗaya? Wani ya rubuta Mohammed, wani Muhammadu, wani kuma da laƙabinsa kawai aka san shi a kasuwa. Rajista mai amfani tana ɗauke da sunan uba, da laƙabi, da unguwa, da sunan kamfani in akwai. A rigimar gado da ta fili abin ya fi tsanani, tunda 'yan gida ɗaya ne ke ja da juna, kuma kowa ofishin da babansu ya saba da shi yake nufa.

Bayan nan sai a rubuta yarjejeniyar aiki: me lauya zai yi, ina aikinsa ya tsaya, nawa ne, yaushe za a biya, wa zai ɗauki kuɗin kotu da na mota. Mutanenmu sukan ga kamar rubutu rashin yarda ne. Amma wanda ya biya kuɗin Babbar Kotu yana iya ɗauka har ɗaukaka ƙara ya biya, shi lauya kuma yana ganin ya gama nasa, wata ukun nan su wuce kowa yana jiran kowa. Haka nan idan ofis ya ƙi karɓar aiki, a rubuta wa mutumin cewa ba a karɓa ba, ya nemi wani lauya da wuri, kada ya koma gida ya miƙe ƙafa yana cewa maganarsa tana hannun lauya.

A cinikin fili, ganin takardar mallaka a hannun mai sayarwa bai isa ba. Sai an je an bincika a hukumar filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, a ga ko an jinginar da filin a banki ko an riga an sayar wa wani. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta kuma ce sai da amincewar gwamna ake sayar ko jinginar da fili mai irin wannan takarda. Sau da yawa ɗan IT ake aika wa wannan bincike. Ka kwafo abin da ka gani harafi da harafi, lambar fili da sunan mai shi da kwanan wata, kada ka dawo da "sun ce ba matsala".

Akwai kuma batun harshe. Takardun Babbar Kotu da Turanci ake yi, mai maganar kuwa wataƙila Hausa kaɗai yake ji, ko malami ne masanin Larabci da ajami wanda bai yi boko ba. Dokar Shaida ta 2011 ta ce idan wanda ba ya iya karatu zai yi rantsuwa a rubuce, sai an nuna a jikin takardar cewa an karanta masa, an fassara masa, ya kuma fahimta. In kai aka sa tafinta, ka fassara duka, kada ka taƙaita masa shafi uku da "kawai maganar filin nan ce, dangwala a nan".

Baki da waya

Baki shi ke yanka wuya. Sashe na 192 na Dokar Shaida ya hana lauya bayyana abin da kwastoma ya faɗa masa a asirce, sashe na 193 kuma ya ce wannan hani ya haɗa da tafintoci da akawunan lauya. Wato ni da kai. Labarin sakin aure ko bashin wani attajiri da ka gani a fayil ba na hira a hostel ba ne, kuma hanin ba ya ƙarewa ranar da aka sa maka hannu a littafin IT. Shi kansa littafin, ka rubuta irin aikin da ka yi ba tare da sunayen mutane ba. Kada ka ɗauki hoton kanka a ofis fayiloli na bayanka a buɗe. Kafin ka tura takarda ta WhatsApp ka duba lambar sau biyu, don takardar da ta faɗa hannun abokin shari'a ba ta dawowa. Tun 2023 ma Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, wadda ta shafi duk ofishin da ke ajiye irin waɗannan bayanai.

Sai ChatGPT da 'yan uwansa, waɗanda muka saba yin asamen da su. A 2023 wata kotun tarayya a birnin New York na Amurka ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 a wata ƙara da aka kai kamfanin jiragen sama na Avianca, bayan sun gabatar da hukunce-hukuncen da manhajar ta ƙirƙiro, waɗanda ba a taɓa yanke su ba. Idan aka sa ka nemo hukunci, ka kawo shi daga littafin rahoton shari'u ko ingantacciyar ma'ajiya, lauya ya karanta da idonsa. Kada kuma ka kwafe sirrin kwastoma ka zuba cikin manhajar da ba ka san inda take ajiyewa ba.

Ka san iyakarka

Bayan wata uku a ofis za ka fara jin kalmomin kotu a bakinka, a unguwa a fara kiranka Barista da wasa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Sashe na 22 na Dokar Lauyoyi ya mayar da shi laifi wanda ba lauya ba ya nuna kansa a matsayin lauya, ko ya karɓi kuɗi ya rubuta wa mutane takardar cinikin fili ko gida. Idan kwastoma ya tambaye ka ko zai ci shari'a, amsar ita ce: "Ranka ya daɗe, bari Barista ya dawo." Ka rubuta saƙonsa da lokacin da ya zo, ka tabbatar an kira shi. Mutum yakan yi haƙuri da ɗage zama sau biyar in ana sanar da shi, amma wanda aka daina ɗaukar wayarsa shi ke fara tunanin rubuta takardar koke.

Duk tsarin ofis, wata rana sai an yi kuskure. Saboda haka ne a Ingila aka wajabta wa ofisoshin lauyoyi yin inshorar da za ta biya diyyar sakaci, mafi ƙaranci ta fam miliyan 2. A nan ma kamfanonin inshora suna sayar da irinta. Sai dai inshora kuɗi take biya, ba ta dawo da gona ko suna. Abin da ke hannunka shi ne saurin faɗa. In ka lura an tsallake wata rana ko wata takarda ta ɓata, ka sanar da lauya a wannan sa'ar, ko da za a yi maka faɗa. Abin da aka gano yau ana iya roƙon kotu a gyara shi, wanda aka ɓoye wata biyu kuwa sai dai a yi ta da-na-sani.

Saboda haka wanda takardarsa ta kai shi ofishin lauya bana, kada ya ga kamar an tura shi dakon fayil. A makon farko ka nemi a nuna maka littafin ranaku, da rajistar takardun da ke shigowa, da yadda ake lambar fayil, da wanda ke da izinin taɓa asusun kwastomomi. In ka tarar babu ɗaya daga ciki, ka kawo shawara cikin ladabi, ka ce ko za a bari ka fara. Abin da aka koya mana ke nan a aji, kuma akwai mutanen da haƙƙinsu ya rataya a kan mu yi shi daidai. Allah ya ba kowa wurin IT mai albarka.